Birkin Malam Zabeirou

Tun tana ɗaure takalmi da safiyar Alhamis ɗin nan Oumaima ta ji a jikinta cewa bai kamata ta bar keken a falo ba. Amma motar bas ba ta jiran kowa, aikin shagon kofi a Elm Street shi ma haka, sai ta ja ƙofa ta fita.

Keken ba nata ba ne. Na kocinta ne, Madam Darlene, wata Baturiya mazauniyar unguwar Irving Park wadda ta yi tseren keke a ƙuruciyarta har ƙasashen waje, kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ita. Da yake garinsu, Greensboro ta Amurka, ba ta da filin tseren keke, duk ƙarshen mako sai su kama hanyar Atlanta su biyu, inda akwai fili na siminti mai zurfi kamar kwano. A can Oumaima ta koyi tseren gajeren zango, wanda mata biyu kaɗai ke shiga, su yi ta fakon juna a hankali, sai a zagayen ƙarshe su ɓalle da gudun da ke sa ɗan kallo ya manta da numfashi. Keken wannan aiki baƙi ne wuluk, ba na ƙarfe ba, na wani sinadari mara nauyi da ake kira kabon, yatsa biyu na iya ɗaga shi, kuma gidansa garejin Madam.

Ranar Asabar akwai gasa a wani ƙaramin gari a Pennsylvania, inda 'yan tseren Ostireliya da Holan da Kanada ke haɗuwa lokacin zafi. Madam ta sha kiran waya kafin ta samo wa Oumaima gurbi. An kuma ce wani mutum da ke zaɓen 'yan Afirka zuwa horo a Turai zai zo kallo. Oumaima haihuwar Maradi ce, fasfonta na Nijar ne, kuma ta san irin wannan ƙofa ba ta buɗewa sau biyu. Da safiyar Juma'a za su tashi.

To me ya kawo keken gida? Uwarta, Hajiya Djamila. Ita ta kafe cewa 'yarta ba za ta yi wannan tafiya ba sai an yi addu'a, kuma ba a yi wa abin hawa addu'a yana gidan Nasara, sai an kawo shi an gani da ido. Ta yi rantsuwa mutum kaɗan za ta kira. Oumaima ta san ma'anar kaɗan a bakin uwarta, amma ta yarda, don a zauna lafiya.

Da la'asar ta sauka daga bas a unguwarsu ta wajen Sedgefield, tun daga bakin titi ta hango motoci sun cika gaban gidajen. Takalma a ƙofarsu sun kai a buɗe shago. Ƙamshin dambu da zogale ya cika matakala, mata na ta hira kowa na magana ba mai saurare. Ta gaisa da wadda ta sani da wadda ba ta sani ba, ta sha tambayar yaushe za a yi aure har sau nawa, idonta dai na kan bangon da ta jingina keken. Babu shi. An ajiye kulolin abinci a wurin.

"Mama, ina keken?"

"Yana wajen babanki, bayan gida," in ji Hajiya Djamila, ko juyowa ba ta yi ba. "Tun da hantsi yake kansa, ko abinci bai ci ba."

Oumaima ta juya ta nufi ƙofa. Babanta, Malam Zabeirou, kafin ya zo Amurka ya kama aikin loda motocin da ake aikawa Kwatano, mai gyaran keke ne a kasuwar Maradi. Mutum ne da ba ya iya wuce keke a hanya bai matsa tayarsa ba. Ta sauka matakalar bibbiyu.

A bayan ginin maza sun shimfiɗa tabarmi a inuwa, shayi na tafasa a kan ƙaramin risho. Alhaji Adamou, dattijon 'yan Nijar na unguwar, yana tsakiya da carbi. Keken yana jingine da bango, an goge shi sai ƙyalli yake. Malam Zabeirou na tsaye kusa da shi da tsumma a kafaɗa, fuskarsa irin ta wanda aka yi wa haihuwa.

"Zo ki gani, ɗiyata," ya ce. "Baturiyar nan ta so ta cuce ki. Ta ba ki keke ba frein na tsayar da shi, ba ƙararrawa, ba komi. Ko wurin sa frein ɗin babu, sai da ni na huda. Voilà, yanzu ya zama keke."

Ta duba. A hannun keken an ɗaure mariƙin birki mai tsatsa, waya ta sauko ta lanƙwasa, ga birkin kansa ya rungume tayar gaba. Gefe guda ƙararrawa ce mai hoton fure. A ƙasa, kusa da injin huda, baƙar ƙura ta zuba a kan siminti. Ta bi ƙurar da ido zuwa sama har ta ga inda ta fito: saman fok, wato ƙafafun nan biyu da ke riƙe tayar gaba, an huda shi fes daga gaba zuwa baya, an zura ƙusa an ɗaure da noti.

Abin da ya taso mata a wuya da Turanci ya taso, kuma ba irin Turancin da ake yi gaban Alhaji Adamou ba ne. Keken fili ba ya da birki, ba mantuwa aka yi ba. Doka ce. Ko an cire wannan tarkacen yanzu, ramin yana nan, kabon kuwa ba ya yafe rami. Duk wannan yana bakinta. Amma maza goma sha sun zuba mata ido suna murmushi, babanta ya yini da yunwa a kan aikin, kuma ba a haifi 'yar da za ta ce wa ubanta ya yi ɓarna a gaban baƙinsa ba.

Sai ta durƙusa. "Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

"Amin, amin," in ji mazan baki ɗaya. Alhaji Adamou ya ce irin wannan uba sai an tona, ya ɗaga hannu aka shiga addu'a. Aka roƙa wa keken tsari, aka roƙa wa tayoyinsa, wani ma ya ƙara da cewa Allah ya sa birkin ya kama a lokacin da ake bukata. Oumaima ta shafa tare da kowa, haƙoranta a datse. Da aka gama wani ya miƙa hannu ya kaɗa ƙararrawar, aka yi dariya.

A ɗakin girki ta tare uwarta, ta tura ƙofa da ƙafa.

"Mama, ya kashe keken. He drilled it! Ya huda shi!"

"Ke, rage murya, gida cike da mutane. Wane irin kashewa? Gyara ya yi miki."

"Ba a sa birki a keken fili! Ba za su bar ni in shiga ba. In ma sun bari, fok ɗin zai iya karyewa ina cikin gudu. Kuma keken ba nawa ba ne, Mama, na aro ne."

Maganar gudu da doka duk ta bi ta bayan kunnen Hajiya Djamila, amma kalmar aro ta tsayar da ludayin da ke hannunta. Ta dubi 'yarta, ta dubi ƙofa. "Mi ya hana ki hwaɗa mishi tun jiya cewa haka ake yinsa?"

"Na ce kar kowa ya taɓa!"

"Kin ce kar kowa ya taɓa. Babanki kowa ne?"

Oumaima ta dafa kai. Haka gidan nan yake, ko me aka yi sai an nemo hanyar da laifin zai dawo kanta. Ta tsaya tana kallon tukunyar dambu don kada ta yi kuka, ita da ke ɗaga ƙarfen da samarin unguwar ba sa iya motsawa.

Hajiya Djamila ba ta yi gaggawa ba. Sai da aka ci, aka sha, aka raba ragowar a robobi, aka raka kowa har mota ana sake wata hirar a bakin taga, sannan ta kira mijinta ɗaki. Oumaima na falo tana kallon rana tana sauka. Ba ta ji abin da aka ce ba, sai dai muryar babanta ta tashi sau ɗaya, "Mais keke ne fa!", daga nan shiru. Da ya fito ya sauya kaya, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a da hula.

"Ɗauko shi mu tahi," ya ce, bai kalle ta ba.

"Baba, bari in je ni kaɗai."

"Hannuna ya huda, bakina za ya ba da haƙuri."

Suka shiga mota suka nufi gidan Madam. Keken na kwance a baya, duk ramin da suka shiga sai ƙararrawar ta yi ƙara.

Madam Darlene na ban ruwan furanni suka iso. Ta ga Oumaima, ta ga dattijo cikin babbar riga, ta yi murmushi. Sannan ta ga keken. Ta ajiye tiyon ruwan a ƙasa ba ta ma rufe shi ba, ta zo ta tsugunna da kyar saboda gwiwa, ta sa yatsa a kan notin.

Malam Zabeirou ya gyara tsayuwa ya fara. Turancinsa na wurin loda motoci ne, bai isa ban haƙuri ba, don haka da Hausa ya yi, Oumaima ta zama tafinta. Ya gaishe ta, ya tambayi gida da iyali da gajiya, ya yi godiya a kan ɗawainiyar da take yi da 'yarsa, ya kawo tarihin zamansa a kasuwar Maradi, ya ce amana abu ce mai nauyi. Oumaima ta taƙaita duka da cewa babanta ya ce a yi haƙuri.

"Shi ke nan abin da ni ce?" ya tambaya. "Ina sauran?"

Madam kuma ta ɗago ta faɗi wata magana gajera a kan mutanen da ke riƙe injin huda ba tare da tambaya ba. Oumaima ta ce, "Ta ce ba komai, Baba, ƙaddara ce."

"Fuskarta ba ta ce haka ba."

Hukuncin dai bai canza ba a kowane harshe. Madam ta ce ba mai hawa wannan fok, ko a fili ko a titi, kuma ba inda za a samo irinsa kafin safiya. Oumaima ta dubi fok ɗin. Duk tashin asuba, duk hanyar Atlanta, duk bukukuwan da ta ƙi zuwa ana zaginta a bayan ido, ga inda suka ƙare, a ramin da bai kai faɗin ɗan yatsa ba. Haushi ya cika ta har ba ta san wa za ta fara ji wa ba.

Malam Zabeirou bai gamsu ba tukuna. Ya ce a tambayi Madam, tsakaninta da Allah, yaya mutum zai hau abin da ba ya tsayawa. Madam ta yi ajiyar zuciya ta kai su gareji, ta sa kaset a wata tsohuwar talabijin. Mata biyu suka bayyana a fili, suna tafiya kamar masu tsoron taka ƙwai, ta gaba na waiwaye. Can sai duka biyun suka tsaya cak a kan gangare, ƙafa a kan feda, ba wadda ta sauka.

"To ga shi sun tsaya," in ji shi. "Da mi?"

"Da ƙafa, Baba. Feda da tayar baya a haɗe suke. In taya na juyawa ƙafa na juyawa, in na danne baya sai ya rage gudu."

Kafin ya amsa matan suka ɓalle. Ta baya ta sauko da gudu daga saman gangaren, suka jera kafaɗa da kafaɗa, tayar wannan na shinshinar tayar waccan. Malam Zabeirou ya ja da baya har ya taka bokiti. Madam ta ce a gaya masa, a irin wannan gudu in ta gaba ta taɓa birki, ta baya a kanta za ta ƙare, shi ya sa aka hana kowa. Oumaima ta fassara wannan kalma da kalma, ba ta rage komai ba.

Bai ɗauke ido daga talabijin ɗin ba. "Wannan kike yi a Atlanta?"

"Shi ne."

"Uwarki ta ce mini zagaye kuke yi."

Madam ta bar su ta nufi ƙarshen garejin, ta nuna wani keke da ke rataye a sama, ja, na ƙarfe, fentinsa ya koɗe. Da shi ta yi tsere kafin a haifi Oumaima. Ta ce ya fi baƙin nauyi nesa ba kusa ba, matan da za a kara da su kuwa kowacce na kan kabon, kada Oumaima ta yaudari kanta. Amma lafiyarsa ƙalau, kuma doka ta yarda da shi. Oumaima ta sauko da shi, ta ji nauyinsa a hannu, ranta ya ƙara ɓaci. Da wannan za ta tsaya gaban mutumin Turai. Ta ce to, don babu wani abin cewa.

Aka mayar da tayoyin baƙin keken kan jan, aka ɗaga sirdi. Malam Zabeirou ya matso, hannunsa ya miƙa da kansa wajen sarƙa. Madam ta ce "No" da ƙarfin da bai bukaci tafinta ba. Ya mayar da hannayen bayansa ya riƙe ɗaya da ɗaya, ya tsaya yana kallon mata biyu suna ɗaure noti a gabansa. Oumaima ta ga haka, ta kawar da kai, don ba ta shirya jin tausayinsa ba tukuna.

Saura gwaji. Mai tseren fili ba ta hawa da kanta, ana ɗaure ƙafafunta a feda, wani ya riƙe sirdi ta baya har a ba da izini ya saki. Madam ta ce gwiwarta ba za ta iya ba yau, ta nuna Malam Zabeirou da haɓa. Aka fito da keken bakin garejin, inda hanyar mota ta gangara zuwa titin unguwar, shiru ba kowa sai manyan bishiyoyi. Oumaima ta hau, ta ja maɗaurin feda. Babanta ya naɗe hannun riga ya kama sirdin da hannu biyu.

"In na ce saki, ka saki kawai, Baba. Kar ka tura."

"Na ji."

Ta sunkuya ta kama hannun keken. "Saki."

Keken bai motsa ba.

"Baba, saki."

Ta danna feda, keken ya matsa, shi ma ya matsa. Ta ƙara dannawa, sai ta ji takun takalminsa a bayanta da fatar babbar riga. Dattijo da hula yana bin keke a guje a tsakiyar Irving Park, Madam na kiran sunan Allah da Turanci daga bakin gareji. Oumaima ta danne feda baya ta tsaya, haƙurin da ta yini tana haɗiya ya ƙare.

"Haba Baba! Ka huda mini keke, na durƙusa na gode maka. Na rasa mai kyau, na karɓi wannan. Yanzu kuma gwajin ma ba za ka bari in yi ba? What do you want from me? Me kake so in yi?"

Bai taɓa jin muryarta haka ba, ita ma ba ta taɓa ji ba. Yana haki, hular ta karkace, hannayensa na nan a kan sirdin.

"Ranar da ni koya miki keke a bayan kasuwa," ya ce, "na sake ki, kin tuna? Ban ji tsoro ba. Don ni na ɗaura frein ɗin da hannuna, na gwada shi, na san in kin matsa za ya kama." Ya ƙara damƙe sirdin. "Yanzu kin ce in saki. In sake ki a kan mi?"

Oumaima ta waiwayo ta dube shi. Haushin yana nan bai tafi ba, sai dai wani abu ya zo ya zauna a kansa, ya yi mata nauyi a ƙirji. Ta dubi titin da ke gabanta.

"A kan ƙafafuna, Baba," ta ce a hankali. "Ba ni da wani abu sai su. Ka duba ka gani."

Ta ji yatsunsa suna barin sirdin ɗaya bayan ɗaya. Keken ya gangara, ta bi titin har ƙarshen layi, ta tashi tsaye ta ba shi wuta kaɗan don ta ji yadda ƙarfen ke amsawa. Yana da nauyi, amma yana tafiya inda aka sa shi. Ta juyo, ta fara danne feda tun daga nesa, gudun na raguwa, har ta iso gabansa ta karkata tayar gaba ta tsaya cak, ƙafafu a ɗaure, ba ta taɓa ƙasa ba.

Yana nan inda ta bar shi, hannayensa biyu a miƙe kamar har yanzu sirdin na cikinsu. Ya dubi tayar, ya dubi ƙafafunta, ya daɗe yana duba. Sannan ya zagaya bayanta ya kama sirdin don ta kwance maɗaurin.

"Can Pennsylvania ɗin," ya ce, "wa za ya riƙe ki?"

"Duk wanda aka samu. Akwai masu yi."

"Wanda bai san ki ba." Ya gyara hularsa da hannu ɗaya, ɗayan bai bar sirdin ba. "Hwaɗa wa Madam ta rage kaya a mota. Gobe da ni za a tahi."

Oumaima ta rufe ido. Tafiyar yini guda, ita a tsakiya tana tafinta. "Baba, in ka riƙe ni a can ba ka saki ba, kore ni za su yi."

"To mu sake gwadawa," in ji shi. "Rana ba ta hwaɗi ba tukuna."

Ta ja maɗaurin feda ta sunkuya. Ta ji ya kama sirdin a bayanta da hannu biyu.